Zanen Gwaggo Anatu

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe a unguwarmu ta Abbey Wood, lokacin da na ɗiga ruwan gwaji a cikin kwalba na ga bai canza launi ba.

Gwaggo Anatu yayar babana ce, a gidanta nake zaune tun da na bar makaranta. Gwiwoyinta na damunta, shi ya sa 'yarta Zarah ta sa mata bahon ruwan zafi a filin da ke bayan gidan, irin wanda ake hura wa iska. Kullum da yamma takan ɗaura zane ta shiga na minti ashirin. Kula da ruwan aikina ne. In ɗebo kaɗan a ƙaramar kwalba, in ɗiga maganin gwaji sau biyar, in gwada launin da na jikin katin da ya zo da maganin. Na bar aikin sito, na bar na kai saƙo da keke, amma wannan na riƙe shi wata huɗu.

Ruwan hoda ya kamata in gani. Da na ga fari, sai na ce kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ya ƙare a ruwan, alhali jiya na zuba da yawa. Na ƙara. Fari. Na sake ƙarawa.

Gwaggo ta shiga da yamma, ba ta yi minti biyu ba ta fito tana murza ido.

"Maharazu, dafa ni za ka yi ko wanke ni?"

Ta bar jiƙaƙƙen zanenta a bakin bahon, rabinsa a cikin ruwa. Da safe wannan rabin ya koɗe. Zarah ta bugo waya ta ce in Juma'a ta yi ruwan bai gyaru ba, za ta ɗauko kamfani su karɓi aikin.

Na ɗora laifin a kan maganin gwajin, na ce ya mutu. Na kwashi kayan da gorar ruwan bahon na tafi wani shagon kayan wanka a Woolwich. Mai shagon, Abdul-Majeed, mutumin Gana ne, ya ji ina waya da Hausa sai ya yi dariya. Na riga na ɗauko manyan kwalabe na wani kamfani daban, don sun fi cika ido.

"Ajiye wannan, ɗan'uwa. Katinka na wane kamfani?"

Na nuna masa. Ya ce kowane kamfani da launin katinsa da girman ɗigonsa, in na haɗa su ƙarya za su yi mini. Sannan ya buɗe gorar ya shinshina, ya ja da baya.

"Wa ke shiga ruwan nan?"

"Gwaggona."

"Me ta yi maka?"

Ya zuba ruwana kaɗan, ya cika da na famfo, ya ɗiga tsohon maganina. Nan take ya koma ruwan hoda mai duhu. Ya ce in kulorin ya yi yawa ƙwarai, yakan cinye launin, sai mutum ya zaci babu. Maganin gwajin kulorin ɗina lafiyarsa lau. Ɗaya kwalbar da ke cikin kayan, ta gwajin tsamin ruwa, ita ce kwanan watanta ya wuce tun bara.

Ita kaɗai na saya, ƙarama, ta kamfanin katina, bayan na duba kwanan watan da kaina. Ya ce in daina ajiye su a tagar da rana ke bugawa, kuma in na sake ganin fari, in fara shinshinawa kafin in ƙara komai.

Na zubar da ruwan bahon duka, na wanke, na cika sabo. Ranar Juma'a Zarah ta zo da takardar kamfanin a hannu. Na yi gwajin a gabansu, na ba Gwaggo kwalbar da katin ta gwada da idonta. Ta daɗe tana dubawa.

"Daidai ne. Zarah, mayar da takardarki jaka. Kai kuma riƙe mini hannu in shiga."

Abin da aka rasa: zane ɗaya, ruwa cikin baho, da wankan kwana uku.