Garinmu a Hammata

Wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu bai sake ni ba.

Na ga kaina a kan hanya da rana tsaka. Inuwata ta riga ni yin gaba don ta kama mini layi. A hammatata ga garinmu, Tungar Ƙirya, an naɗe shi kamar tabarma. Komai yana ciki: gidaje, rumbuna, masallaci, rijiyar bakin kasuwa, da mutane. Ba shi da wani nauyi. Gefe ɗaya ne kawai ke cin wuta, a hankali, irin cin da garwashi ke yi wa tsumma.

Daga cikin naɗin na ji muryar Inna, mahaifiyata.

"Mudi, ka kusa?"

"Na kusa."

"To ka ɗaga ƙafa. Wutar ta gama da unguwar maƙera, ta juyo wajenmu."

An ce gwamnatinmu da ta ƙasar Tsallake, aminan juna, suna zaman tsaro a bakin iyaka, kuma saboda mu ake zaman. Can na nufa.

Sai ga ni a ƙofar zauren taro. Wata akuya ce a kan tebur, da tabarau, tana tauna takardar da aka kawo mata ta sa wa hannu.

"Samari, wajen wa?"

"Wajen taro, Hajiya. Mu ne ake taron a kanmu."

"Waɗanda ake taro a kansu ba sa shiga. A rediyo suke ji." Ta leƙo ta saman tabarau, ta ga abin da ke hammatata. "Wannan tabarma ce? Wuce. Ƙila a bukace ta wajen ɗaukar hoto."

A tsakiyar zauren an ja igiyar shanya daga bango zuwa bango. Ita ce iyakar ƙasashen biyu, har an shanya mata safar sojoji. A gefenmu ga Janar Barmo, bunsuru mai dogon gemu. Lambobin yabo sun cika masa ƙirji har an fara rataya masa a ƙaho. A gefen Tsallake ga Kanar Tankari, ƙadangare mai jan kai, wanda ke gyaɗa kai tun kafin a yi magana.

Tun safe gaisawa suke yi.

"Yaya hanya?" in ji Janar.

"Lafiya lau."

"Yaya dakaru?"

"Suna gaishe ku."

"Yaya bakin iyaka?"

"Lafiya lau. Yaya naku gefen?"

"Sai godiya."

Wani zabo, magatakardan taro, ya miƙe ya sanar cewa ɓangarorin biyu sun binciki bakin iyaka, sun same shi lafiya lau. Aka tafa.

Ban da ni, ɗan Adam ɗaya ne a zauren, mai shayi. Ya rufe fuska da rawani, bindiga a kafaɗa, yana bin manya da kofuna. Fuskar ban gani ba, amma na san takalmin. Takalmin yayana Tanimu ne, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a gona da damina.

Mai shayin ya zo kusa da ni. "Aboki, sam mini wuta."

Ya sa yatsa ya tsinci garwashi daga gefen garinmu, ya tura ƙarƙashin butarsa. Har godiya ya yi.

Na ɗaga hannu kamar a aji. "Ranka ya daɗe, ga wanda ya sa mana wutar nan."

Kafin Janar ya waiwayo, mai shayi ya ɗaga igiya ya sunkuya ya koma Tsallake.

"Ai yana ƙasar aminanmu," in ji Janar. "Ba ma kama mutum a gidan amini."

Kanar ya juya zai dube shi. Mai shayi ya sake sunkuyawa ya dawo gefenmu.

"Ga shi ya koma gida," in ji Kanar, yana gyaɗa kai.

"Yallaɓai, a ƙara sukari?" in ji mai shayi.

Duk su biyun suka miƙa kofi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, garinmu na cin wuta."

Zabo ya ajiye alƙalami. Janar ya yafito ni da kofato, ya rage murya.

"Kai, wa ya rene ka? A gaban baƙo ake faɗin abin da ke cikin gida?"

Kanar ya yi gyaran murya. "Ɗan'uwa, in ba damuwa, mun zo da motar ruwa. Tana nan waje."

"Haba, Kanar. Baƙona ya ɗebi ruwa a gidana? Me duniya za ta ce da ni?"

"Gaskiya ne. Ni ma da tawa tabarmar na zo. A mota na bar ta, don kada in ɓata maka zama."

Janar ya share ƙwalla da gemu. Ya ce irin wannan zumunci ba a samunsa yanzu.

"Mudi, me suka ce?" in ji Inna.

"Suna dubawa."

"Ta kama dangarmu. Na kwance awaki, sun ce za su je neman aikin gwamnati."

Sai ga mu a waje. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsatsowa yana hawa sama, yana komawa cikin gajimare. Na kifa garin don ya same shi. Inna ta ce in bari, tukwane na zubowa, tsofaffi sun riƙe ginshiƙin masallaci. Na mayar da shi daidai.

An tashi taro. Abin da aka cim ma shi ne aikin haɗin gwiwa, wato rakiya. Janar ya ce baƙo irin Kanar ba ya fita shi kaɗai. Ya fito da dakarunmu kaf, da motocin yaƙi, da masu busa, aka raka Kanar har ƙofar gidansa a Tsallake.

"To, mun gode, Allah ya bar zumunci," in ji Kanar. "Amma ba za ku koma ku kaɗai ba. Hanyar nan ba kyau."

Ya fito da nasa dakarun, suka rako namu har gida. Da aka iso, Janar ya ce abin kunya ne a bar su su juya ba rakiya. Aka sake ɗunguma.

Haka aka yi ta yi. A je, a dawo. Mai shayi yana tsakiya a kan babur, shi ma ana raka shi.

Na gaji da kallo. Na shiga tsakiyar hanya, daidai inda ayarin zai bi, na shimfiɗa garinmu, na zauna a gefe. Yanzu faɗinsa bai fi na sallaya ba. Na ce ko sun ƙi ji, ba za su ƙi gani ba.

Suka iso. Janar ya ɗaga kofato, runduna biyu suka tsaya cak. Ya dubi garin, ya dubi hayaƙin, ya daɗe yana dubawa.

"A cire takalma," in ji shi. "Shimfiɗar mutane ce."

Sojoji suka cire takalma suka riƙe a hannu. Suka kewaye garinmu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa "Sannunku da gida." Ko gefensa ba wanda ya taka. Da suka wuce suka mayar da takalma, masu busa suka ci gaba daga inda suka tsaya.

"Mudi, na ji ƙarar motoci," in ji Inna. "Sun iso?"

"Sun iso."

"Alhamdu lillahi. Bari in nemo musu abin zama."

Na zuba ido. Garin ya koma kamar faifai. Ya koma kamar tafin hannu.

"Inna."

Shiru.

"Inna."

Sai wani ƙarfe da ake ta bugawa daga can ciki, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Ƙararrawar makarantar da muke kwana a ciki ce tun da muka gudo daga garinmu, wani tsohon wilin mota da aka rataye a bishiya. Inna tana tsaye a gaban allo, tana ɗaure tukwanenmu a zane.

"Tashi ka fitar da kayan nan," ta ce. "Masu ajin sun iso."