Hannu a Ƙarƙashin Dogo

Jirgin ƙasan gidan tarihinmu tsoho ne mai cin itace, ranar Lahadi kaɗai yake fita. Shi ya sa mu 'yan sa kai muke gyaran layi sauran ranaku ba ma gaya wa kowa. Ko jar tuta mun daina kafawa.

Wata Laraba ni da Mbah Kasidi, dattijon cikinmu, muka je sauya ruɓaɓɓen katako a ƙasan kwanar gonakin kofi. Muka ɗaga ƙarfen dogo da jak, na kwanta na zura hannu ina yaso tsakuwa. Ƙasar ta sha ruwa. Jak ya zame, ƙarfe ya sauko ya danne min hannun dama.

"Tarmin, kai dai kullum gaggawa kamar mai gudawa!" in ji Mbah, yana laluben dutsen da zai ɗora jak.

"Mbah, yi shiru."

A ƙashina na fara ji. Ƙarfen yana kaɗawa a hankali.

"Jirgi na zuwa."

"Yau Laraba, ɗan nan. Zafi ne ya taɓa maka kai."

Sai ga usur daga saman tudu. Mbah ya rarumi jak yana bugawa, jak yana nutsewa cikin taɓo.

"Bar abin nan! Ruga ka tare su!"

"Da waɗannan gwiwoyin nawa? In bar ka?"

"To tsaya ka ga yadda ake yanka mutum. Tafi, tsoho!"

Ya tafi yana ɗingishi, kwana ta haɗiye shi. Na san gangaren nan, birki ba ya kamawa da wuri. Na fizgi hannun, fata ta yage, bai fito ba. Kaɗawar ta kai har haƙorana. Addar da muke saran ciyawa da ita tana gefe. Na jawo ta da hagu, na ɗora bakinta a gwiwar hannuna. Na ce da kaina, da na ga hayaƙi zan sara.

Na ga hayaƙin. Na kasa.

Ƙarar birki ta cika kwarin, Mbah ya tare su ke nan. Kan jirgin ya fito yana sulalowa, ya yi ta matsowa har ya tsaya, tururinsa yana dukan fuskata. Amarya da ango suka leƙo ta taga. Ashe shatarsa suka yi don ɗaukar hoto.

Da sanduna aka ɗaga ƙarfen. Hannun ya karye, amma yana jikina. Addar kuwa sai da direba ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya kafin na sake ta.