Gemun Baba

Maigidana mai aski ne. Babur ya kayar da shi ya fasa masa kai, ɗinki ya warke, muka yi hamdala. Sai ga farfaɗiya ta biyo baya, a tsakiyar shago, gaban mutane. Wani sarkin iyayi ya cusa masa cokali a baki har ya karya masa haƙori. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Likita ya ce tabo ne raunin ya bari a ƙwaƙwalwa, kuma ba a ɗaukar ciwon daga jikin wani. Ya rubuta ƙwayoyi, ya dube ni ya ce, "Idan farfaɗiyar ta zo, ki kwantar da shi ta gefe, ki janye abin da zai buge shi. Kada a sa masa komai a baki. Idan ta daɗe, ku garzayo da shi."

Ƙwayar tana sa shi gyangyaɗi, sai gogan naku ya daina sha a ɓoye. Ciwon ya dawo. Na yi masa tatas, na tasa ƙeyarsa asibiti, aka canja masa wata. Daga nan a gabana yake haɗiyewa, ko yana fushi ko yana dariya. Shekara ta zagayo ta wuce lafiya lau, likita ya ce ya koma bakin aikinsa.

Sai dai wa zai zauna? Mutane su gaishe shi daga nesa, su wuce wani shagon. Kullum yana share ƙasan shagon da babu gashi ko ɗaya. Ni da ba na kuka, sai da na yi.

Wata safiya ina shagon, mahaifina ya zo da sandarsa, ya jawo kujerar askin har bakin ƙofa inda kowa zai gani, ya zauna.

"A kwashe min gemun nan. Da aska, ba da inji ba."

"Baba, ba ka jin tsoro?" in ji maigidana, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yata na ba ka sukutum, sai gemu zan hana ka? Yi aikinka."

Ya shafa sabulu, ya ɗora aska a maƙogwaron tsoho. Hannun nan ko gezau. Masu wucewa suka tsaya suna kallo, ni ma na tsaya ina hararar su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a goge wa Baba fuska, telan da ke maƙwabtaka da mu ya cire hularsa ya zauna a benci.

"Idan ka gama da Baba, ni ne."

Maigidana ya juyo, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce in ƙaro ruwan zafi.