Iyakar 'Yan Rakiya

Sau ɗaya tak Mai Nasara ya taɓa hawa jirgi, shekarar da ya je Umra, amma in ya fara bayani a bakin shagonsa na Zinder sai ka rantse a filin jirgi aka yanke masa cibiya. Saboda haka da Sama'ila, ɗan yayarsa Balki, ya samu aikin gini a ƙasar Larabawa, kawun ya buga ƙirji ya ce shi zai kai shi Yamai ya sa shi a jirgi.

Ba wanda ya gayyaci Balki. Ranar da Sama'ila ya je ƙauyensu Hamdara ya gaya mata zai tafi ya bar gonar ubansa, alhali ƙasar kabarin uban ko bushewa ba ta yi ba, sai ta juya fuska ga bango ta ce, "A gaya wa mai tafiya ya je, amma ba da albarkata ba." Tun daga ranar maganar ke cin ta kamar wuta a ƙaiƙayi. Safiyar tafiya sai ga ta a tasha da ɗan ƙunshinta. Mai Nasara ya ce, "Yaya, ina zuwa?" Ta ce, "Ni ma ina da ƙafa."

Abin da ya fito da ita bai da yawa. So take ta ɗora hannu a kan yaron ta ce ta yafe, Allah ya yi masa albarka. Sai dai Sama'ila ɗan fari ne. Kakarsa ta goye shi, kuma tun da aka raɗa masa suna, sunan bai taɓa fita daga bakin Balki ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ina za ta iya wannan magana a cikin mota, ga ƙaninta a gefe, ga idon mutane? Amma ta san yadda ake yi a tasha: ka jira direba ya ta da inji, ka miƙa hannu ta taga, ka faɗi abin da ke ranka, ka juya kafin ido ya haɗu da ido. Ta ce a ranta jirgi ma ai mota ce mai fiffike, za ta jira lokacin.

Tun daga Zinder har Yamai bakin Mai Nasara bai huta ba.

"Fasfo da biye, wato tikitin jirgi, su zauna a aljihun gaba, kada ka sa su a jaka. Wuƙar nan ta ƙugunka ka ba ni ita tun yanzu. Man shanu da zuma, cikin babbar jaka, in ka riƙe a hannu zubar da su za a yi. Kowa ya ce ka riƙe masa saƙo, ko da rawani ya zo, ka ce a'a. Kuma a isa da wuri, jirgi ba ya jiran mai alwala."

Sama'ila sai "To, Kawu" yake yi. Gaskiya duk abin da kawun ya faɗa haka yake. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don shi lokacin da ya yi tasa tafiyar yana cikin masu shiga ne, bai taɓa tsayawa a waje ba.

A bakin ƙofar filin jirgin wani jandarma ya tare su. Ya duba takardun Sama'ila ya ba shi hanya, sannan ya sa hannu a gaban sauran.

"'Yan rakiya iyakarsu nan."

Balki ta juyo ta dubi ƙaninta. Mai Nasara ya ce, "Ba komai, Yaya. Kai, shiga su auna maka kaya ka fito ku yi sallama." Sama'ila ya ɗan rusuna wajen uwarsa, bai samu ido ba, ya ja jakarsa ya shige.

Ta manne wa gilashi tana kallo. Aka auna kayan, aka nuna masa wani layi, daga wannan layin aka tura shi wani. Ta ga ya yi wa wani mai kaki magana yana nuna ƙofa, mutumin ya girgiza kai. Sama'ila ya tsaya yana waige-waige, amma hasken rana ya bugi gilashin, ba ya ganin kowa. Mai Nasara kuwa yana can gefe ya samu wasu baƙi yana koya musu yadda ake ɗaure jaka.

Ƙofar ta buɗe don wani fasinja. Ga yaron can, murya za ta kai. Balki ta ce, "Kai! Yaron nan!" Samari uku suka juyo, ban da shi. Sunan ya zo mata har kan harshe. Ta dubi jandarman, ta dubi matan da ke tsaye kusa da ita, mutanen da ba su san ta ba, ba su ma san inda Hamdara take ba, kuma duk da haka kunyarsu ta ji. Ƙofar ta rufe. Sama'ila ya gyara jakar kafaɗarsa ya sha kwana.

Ba ta yi kuka ba, haushin kanta ya fi ƙarfin hawaye. Ta zauna a kan dakali har aka ce jirginsu ya tashi, hannun damanta a dunƙule cikin mayafi.

Mai Nasara ya dawo yana murmushi. "Kin gani ko, Yaya? Ko allura ba a riƙe masa ba. In ya sauka zai kira a salula, ki gaya masa duk abin da kike so."

Balki ta miƙe ta ɗauki ƙunshinta.

"In ya sauka," in ji ta. "Yanzu fa yana tsakanin sama da ƙasa, kuma maganar da na yi a Hamdara ita ce ta ƙarshe da ya ji daga bakina."