Malam Tsit a Cikin Kabad

Tun yana saurayi ya ɗauki alƙalami a kan abubuwan da ido bai saba gani ba: gidan da ake jifa ba a ga mai jifan ba, rijiyar da ake jin kuka a cikinta, fasinjar da ta ɓace a kujerar bayan tasi. Yana da shafi a wata jaridar mako-mako, ya kuma wallafa littattafai har sun cika kanta guda a ɗakinsa. Mutum ne mai gaskiya a aikinsa, abin da shaidu suka faɗa shi yake rubutawa, ba ya ƙara gishiri. Damuwarsa ɗaya ce a duniya: shi kansa bai taɓa ganin komai ba.

Duk inda ya sa ƙafa sai abu ya lafa. Gidan da aka daɗe ana ruwan duwatsu, ranar da ya iso ko tsakuwa ba za ta faɗo ba. Famfon da ke buɗe kansa sai ya koma famfo mai ladabi. Da haka mutane suka laƙaba masa Malam Tsit, har sunan ya danne na yanka. Daga baya ma aka daina kiransa don ya rubuta. Sai dai a ce, "Malam, don Allah ka zo ka ɗan zauna mana a falo, ko shayi ka sha." Ya je da rikodarsa, ya zauna, ya dawo da sautin fanka da kukan cikinsa.

Wata rana yana aski a gaban madubi sai ya ajiye reza, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Maman yara, na gano. Sun san fuskata ne."

"Su wa?"

"Su mana. Hotona yana saman shafina kowane mako. Da sun hango ni sai su yi lif."

Ta tsaya riƙe da tsintsiya tana kallonsa. "Malam, yanzu aljanu ma jarida suke karantawa?"

"Me zai hana? Mutane ne suka daina."

A satin ne labari ya iso masa na wani shagon kayan ɗaki na hannu, irin wanda ake tara tsofaffin gadaje da kujerun kushin a gyara a sayar. An ce da rana tsaka ƙofofin kabad suke buɗe kansu, kujera ta bar inda aka ajiye ta. Mai shagon wata Hajiya ce da ba ta son surutu, ba ta kira kowa ba. Sai aka yi dace ƙanin matarsa, wanda sana'arsa feshin maganin ƙwari ce, shi aka ba aikin fesa wa shagon maganin gara.

"Yaya, wannan fa ba wasa ba ne," in ji ƙanin. "In aka kama ka, ni ban san ka ba."

"Ba wanda zai kama ni. Kai dai ara min kayan."

Ya ara masa rigar aiki mai haɗe da wando, da takalman roba har gwiwa, da safar hannu, da takunkumi mai gilasan ido biyu da wani dogon hanci na shaƙar iska. Da ya saka ya fito tsakar gida, matarsa ta zauna a ƙasa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce, "Tabbas ba za su gane ka ba. Za su ɗauka kawunsu ne ya zo ziyara."

Da hantsi suka shiga shagon su biyu. Ƙanin ya yi feshinsa, Malam yana bin sa da bokiti kamar mai taimako. Da aka gama, ƙanin ya kwashe kayansa ya fita, shi kuwa Malam ya sulale ya shige wani tsohon kabad mai ƙofa biyu da ke can ƙurya, tsakanin tarin katifu da wani dogon madubi. Ya ja ƙofar, ya bar 'yar kafa da zai riƙa leƙe, ya kunna rikoda a aljihu.

Wurin matsattse ne, ga zafi, ga warin magani. Bai cire takunkumin ba don kada a gane shi. Yana jin Hajiya a ofishinta tana faɗa da ɗanta a waya, yana jin zarton kafinta daga baya, da rediyon mai gadi a bakin ƙofa. Gilasan takunkumin suka fara yin hazo da numfashinsa. Ya ce bari ya lumshe ido kaɗan hazon ya washe.

Bai san lokacin da wani tsohon ɗan sanda mai ritaya ya shigo da matarsa neman kabad ba. Mutumin irin masu ƙwanƙwasa katako ne su ji ƙarfinsa kafin su taya. Ya ƙwanƙwasa na ƙuryar, ya ce, "Wannan katakon zamanin da ne, ba irin na yanzu ba," ya kama ƙofofin biyu ya wangale.

Malam ya farka a firgice. Ya yunƙura zai miƙe, ashe ƙafafunsa sun yi tsami, sai ya faɗo waje da rarrafe, dogon hancin yana reto. Ya ɗaga kai ya ce, "Ku yi haƙuri," amma abin da ya fito ta takunkumin gurnani ne kawai.

Tsohon ɗan sandan bai yi shawara da kowa ba. Ya tsallake gado mai faɗi da tsalle ɗaya, ya bar takalminsa da matarsa a wurin. Matar kuwa ta rufe ido tana salati, ta ɗaga jakar hannunta ta sauke wa Malam a goshi, daidai inda ƙarfen jakar yake. Kafinta ya leƙo, ya wurgo gwangwanin gam. Malam ba ya ganin gabansa, ya miƙe ya yi karo da katifa, ya dawo ya yi karo da kujera, daga ƙarshe ya samu ƙofar baya ya bi ta cikin wurin aikin kafinta, garin katako ya manne masa tun daga kai har ƙafa. A wani lungu ya tuɓe kayan ya cusa a buhu, ya tari tasi yana haki.

Yana isa gida matarsa ta tare shi. Ta dubi ƙulun da ke goshinsa, ta ɗauko ƙanƙara, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Washegari da sassafe editan jaridar ya kira, muryarsa har tana sarƙewa. "Malam, Allah ya kashe ya ba ka! Abu ya fito da rana tsaka, a gaban jama'a. Shaidu birjik. Maza ka je, shafin gaba zan ba ka."

Ba yadda zai ce a'a. Ya ja hula ya rufe goshi, ya tafi.

Ya tarar da shagon cike da 'yan kallo. Tsohon ɗan sandan ya dawo ɗaukar takalminsa, ya samu kujera a tsakiya yana ba da labari. Da ya ga Malam ya gyara zama.

"Rubuta, Malam. Kansa yana taɓa silin. Hancinsa irin na giwa, idanu kamar fitilar mota. Ni kuwa da na ga zai yi kan iyalina, sai na shaƙe shi."

"Daga bayan gado ka shaƙe shi?" in ji matar ɗan sandan.

"Ke ba ki san dabarun aiki ba."

Mai gadi, wanda yake waje lokacin da abin ya faru, ya rantse ya ga kofato da hayaƙi, kuma abin ya kira shi da muryar kakarsa. Kafinta ya ce shi da kunnensa ya ji abin da ya faɗa.

"Me ya ce?" Malam ya tambaya a hankali.

"Cewa ya yi, 'Zan dawo.'"

"Ka tabbata ba haƙuri ya bayar ba?"

"Haba Malam. Aljani da ba da haƙuri?"

Malam ya ci gaba da rubutawa. Ba wanda ya yi masa kama da maƙaryaci a cikinsu, kowa da zuciya ɗaya yake magana. Ya tuna duk mutanen da ya taɓa zama a gabansu yana gyaɗa kai, sai ya ji alƙalamin ya yi masa nauyi.

Can Hajiya ta aiko a kira shi ofis. Ta rufe ƙofa, ta zuba masa ruwa, ta ce, "Malam, ya goshin?"

Ya ƙware.

"Mutum biyu suka shigo min feshi, ɗaya ya fita," ta ce. "Ba yau na fara kasuwanci ba. Kwantar da hankalinka, ba zan faɗa wa kowa ba. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ganin jama'a irin na yau ba. Abu ɗaya kawai nake so ka faɗa min. Shi ɗayan, mai ɗaukar hotonku ne?"

"Wane ɗayan?"

"Wanda ya fito bayanka. Da ka faɗo kowa ya bi ka da ido, ni kuwa ina tsaye a nan ina kallon kabad ɗin. Sai ga wani dogo siriri ya fito a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya mayar da ƙofofin ya rufe. Ya bi ta bayan madubin can, ban ƙara ganinsa ba."

"Hajiya, kabad ɗin nan ni kaɗai ma da ƙyar ya ɗauke ni."

"Shi ya sa na ga ransa a ɓace."

Malam ya tuna wani abu mai tsini da ya yi ta zungurinsa a haƙarƙari cikin barci, ya ɗauka maratayin kaya ne. Ya ajiye kofin. Ba tsoro ne ya kama shi ba, wani baƙin ciki ne ya taso masa tun daga ciki.

"Kina nufin muna ciki tare, ni ina barci?"

"Har da minshari. Muna ji daga nan, mun ɗauka shi ne."

"Bai ce komai ba?"

"Ya dai kalli ƙofar da ka bi, ya ja tsaki."

Ya ƙura mata ido ko zai ga alamar zolaya. Fuskarta ba ta nuna komai ba, ta ma koma duba wayarta. Da ya isa gida ya kunna rikodar, ya saurara tun daga farko har ƙarshe. Minsharinsa ya danne komai.

Ya rubuta gaskiyar abin da ya faru, har da jakar hannu. Edita ya karanta ya ce, "Malam, wannan wa zai yarda da shi?" Ya buga na tsohon ɗan sandan, da zanen giwa a tsaye.

Shagon kuma tun daga ranar ya yi shiru, ko ƙofa ɗaya ba ta sake motsi ba. Malam ya koma ya roƙi Hajiya ta sayar masa da kabad ɗin, aka ɗauko shi a bayan mota aka kafa a ɗakinsa. Matarsa ta ce ba za a ajiye katako mai kyau haka a banza ba, ta jera zannuwan gado a saman. Shi kuma kullum in rana ta take sai ya sha shayi mai kauri don kada barci ya ɗauke shi, ya shiga ya takure a gefe ɗaya, ya bar ɗaya gefen fili.

Ran nan yana ciki sai ya ji ƙwanƙwasa a hankali.  Ya gyara murya, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce, "Bismillah, wane ne?"

"Ni ce," in ji matarsa. "Miƙo min zanen gado mai ruwan toka, sannan ka fito, abinci yana hucewa."