Titin da Direba Ya Zana a Kwali

"Wai har yanzu ba a ga kwalin nan ba?" Direba ya tambaye ni, yana ƙoƙarin gyara matashin da ke bayansa.

Na ce ba a gani ba. Ina zaune a kujerar roba kusa da gadonsa, idona a kan kwalaben maganin da aka jera a bakin taga. Kwalin kuwa yana shagona, ƙarƙashin keken ɗinki, na yanka shi gida huɗu.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da shi. Ni na fara shiga ajin manya na yamma, gemu ya riga ya yi fari, ni kuma na ja shi bayan ya ajiye tuƙi. Shekara guda cur na riga shi. Amma da muka iso darasin lokuta a Turanci, inda kalma ɗaya take sauya kama don jiya, ta sake sauyawa don gobe, sai kaina ya toshe. Na cika littafi biyu ina hadda, ba abin da ya zauna. Shi kuwa ya samo kwalin firji, ya zana dogon titi da mota a tsakiya. Abin da ya wuce yana bayan motar, da jan biro; abin da ke tafe yana gabanta, da shuɗi; kowace mararraba da misalinta. Malama, wadda a shekaru ba ta kai 'yata ta biyu ba, ta kafa shi a bango ta ce a tafa masa. Na tafa. Daga ranar duk wanda ya rikice sai a ce ya dubi titin Direba. Har ni aka faɗa wa, sau biyu, a gaban kowa.

Abin da ya fi ci mini rai, da na duba ɗin sai na gane.

Ranar da aka bar mini makulli in rufe aji, na cire shi na tafi da shi. Ban yi niyyar lalata shi ba. Sai dai kwali mai kauri irin wannan, da shi muke fitar da siffar wuya da hannun riga kafin mu taɓa yadi, almakashi kuma yana hannuna. Malama ta zargi masu shara. Na bar su da laifin. Dama an san ni da shiru.

Sati uku bayan nan ciwo ya kwantar da shi. Yanzu yana yi mini bayani, yana hutawa tsakanin magana, cewa jikarsa da aka haifa a wata ƙasa za ta kira ranar Lahadi. Ba ta jin yarenmu, shi kuma yana so ya ba ta labarin tafiyarsa ta farko da bakinsa, ba ta bakin tafinta ba. Ya gwada sake zanawa, hannu ya ƙi. In babu titin a gabansa, in ji shi, sai ya riƙa shiga hannun da ba nasa ba.

"Kai mai littafi biyu ai ba ruwanka, Tela," ya ce, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na koma shago na tura ƙofa. Na jera guntayen a teburin yanka, na shimfiɗa ƙyalle a bayansu, na bi kowace tsaga da keke. Allura biyu na karya. Ina ɗinki ina karanta rubutunsa, ina jin haushin yadda ko layi ɗaya bai karkace ba.

Ranar Asabar da hantsi na kai masa, na shirya cewa a bayan aji na tsinto shi. Ya ɗora a cinya. Ya sa ɗan yatsa ya bi ɗinkin, ya zagaya lanƙwasar wuyan riga tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Wuyan ya fita da kyau kuwa?"

Na ce ya fita.

"To, madalla. Riƙe mini nan, hannuna rawa yake."

Haka na riƙe masa ranar Lahadi, mai ɗakinsa tana riƙe da waya. Ya yi kusan minti goma yana Turanci, yatsansa yana bin jan biro, yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya. Ni da ko jimla uku ban taɓa jerawa ba, ina tsaye sai ka ce ƙusa a bango.

Ranar Laraba ya rasu.

Bayan mako biyu mai ɗakinsa ta aika kwalin makaranta. Malama ta mayar da shi wurinsa, ta ce mu dubi himma: mutum yana kwance ba lafiya, amma ya nemo abinsa a yage, ya zauna ya ɗinke shi tsaf. Wata dattijuwa ta share hawaye da gefen mayafi. Ba wanda ya waiwayo ya dubi tela guda ɗaya da ke ajin. Na buɗe baki, ban san ko laifina zan faɗa ko aikina zan karɓa ba, sai na rufe.

Kujerata tana ƙasan kwalin. A gefensa akwai silin zare da na manta ban datse ba. In fanka ta juyo, sai ya ɗan motsa.