Takardar Wankin Miki

Shekara goma sha bakwai Sadiyya tana wanke wa masu ciwon suga miki a wani asibitin kuɗi da ke unguwar Mahjar a Jidda, ba wanda ya taɓa tambayarta takarda. Sai bana. Sista Hind, shugabar nas-nas, ta ja ta gefe ta ce daga ƙarshen wata duk wanda ba shi da shaidar karatu zai bar ɗakin wankin miki, ya koma tura gadon marasa lafiya.

"Ya Sadiyya, kawo ko da guda ɗaya ce, in samu abin nuna wa na sama."

A ina za ta samo? A Jidda aka haife ta, amma da iƙama, izinin zaman baƙi, take zaune kamar iyayenta, ba ta taɓa taka jami'a ba. Da ta ji asibitin zai yi kwas na yini guda kan kula da miki, irin wanda ma'aikata ke tara awoyinsa don sabunta lasisi, sai ta sadaukar da ranar hutunta ɗaya tilo.

Ƙarfe takwas tana kujerar gaba da sabon littafinta. Masu digiri kuwa, kai jama'a! Su shigo, su sa hannu a takardar halarta, su ɗauki gahawa da dabino, su sulale. Kafin tara, ɗakin mai kujera arba'in ya rage ita kaɗai, na'urar sanyi na neman daskarar da ita. Kunya ta kama ta kamar ita ta kori mutanen.

Dakta Nawaf, mai ba da darasin, ya dubi kujerun ya fara tattara kayansa. "Khalas, mun tashi ke nan?" ya ce.

Sadiyya ta buɗe littafinta ta riƙe biro. Ya dube ta, ya ajiye jakar.

Awa shida ya yi yana koya wa mace ɗaya. Da azahar ta ci abincinta ita kaɗai tsakanin kujeru, ba mai ce mata sannu. Da aka dawo ta gaya masa yadda take gane mikin da zai ɓaci tun daga warinsa. Ya rubuta.

"Wallahi, ya Khala, ke ya kamata ki tsaya a nan gaba," in ji shi, yana kiran ta inna da Larabci. Daɗi ya kusa kashe ta.

A bakin ƙofa Maha sakatariya ke buga takardun shaidar kwas ɗin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Lambar lasisinki?"

"Ba ni da lasisi."

"To, kwamfuta ba ta bugawa sai da lamba. Lasisin kuma sai mai shahadar jami'a."

"'Yata, ni kaɗai fa na zauna."

"Na gan ki, ya Khala. Ma'alesh, sai haƙuri."

Inji ya ci gaba da fito da takardun waɗanda suka sulale. Maha ta haɗa kansu ta miƙo mata. "Tunda sama za ki, raba musu mana, Allah ya saka."

Ta karɓa, da ɗuminsu. Ta bi ɗaki-ɗaki tana kiran sunaye, kowace ta amsa ta ce shukran. Ta ƙarshe ta Sista Hind ce.

Hind ta karɓa ta jefa a aljihun tebur, ta miƙo hannu tana murmushi.

"Yalla, ina taki?"